Yadda ake atisayen tafiya ga mai toshewar jijiyoyin jinin ƙafa

Mai wannan ciwo yakan san iyakar inda ƙafarsa ke kai shi. Daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa lafiya lau, amma in ya doshi kasuwa, kafin ya ci rabin hanya sai sha-raɓarsa ta ɗaure, ta yi nauyi, ta riƙa murɗa masa. Ya tsaya minti 2 zuwa 5, ciwon ya lafa, ya ɗora tafiya, ya sake kama shi a kusan daidai wancan nisan. Mutane kan ce sanyi ne ko tsufa. Sau da yawa kuwa jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafa ne suka tsuke, saboda kitsen da ya daskare a bangonsu shekara da shekaru. Kamar hanyar ruwa ce a lambu da laka ta cinye rabinta: ɗan ruwan da ke wucewa zai ishi fangali ɗaya, amma ba zai kai ga lambun duka ba. A zaune, jinin da ke zuwa ya wadatar. Da tsoka ta kama aiki ta nemi ƙari sai a rasa, wannan rashin ne mutum ke ji a matsayin zafi.

Shan taba da ciwon suga su ne kan gaba wajen jawo shi, sai hawan jini, yawan kitse a jini, ciwon ƙoda da yawan shekaru. Wani ƙiyasi da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2013 ya nuna mutum miliyan 202 ne ke da ciwon a duniya a 2010, kuma kusan kashi 70 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfin arziki da masu matsakaicin ƙarfi.

Maganin farko da likitoci suka yi ittifaƙi a kansa shi ne tafiya, kuma irin tafiyar da ake kutsawa cikin zafin da gangan, a huta, a sake komawa. Sharaɗinta shi ne a san wane zafi ake takawa, wane ne kuma ake gudu zuwa asibiti dominsa.

Kafin a ɗaga ƙafa

Mataki na farko a tabbatar ciwon ne. Ana yin wani gwaji mai sauƙi da ake kira ABI: mutum ya kwanta rigingine minti 5 zuwa 10, a auna ƙarfin jini a damatsansa biyu da idon sawunsa biyu da 'yar na'urar Dofla mai sauraron gudun jini a jijiya, sannan a raba lambar idon sawu da lambar damtse mafi girma. Misali, idon sawu ya ba da 90, damtse 140, sakamakon 0.64 ke nan. Daga 1.00 zuwa 1.40 lafiya ne. Daga 0.90 zuwa ƙasa akwai toshewa. In ya haura 1.40, kada a yi murna: jijiyar ce ta sandare har abin awo bai iya matse ta, abin da aka saba gani ga masu suga da masu ciwon ƙoda, sai a koma a auna a babban yatsan ƙafa.

Gwajin na da muhimmanci domin akwai ciwon da ke kama da wannan. Wanda ƙashin bayansa ya matse masa jijiyoyin laka shi ma tafiya na sa masa ciwon ƙafa, sai dai nasa tsayuwa kaɗai ba ta kwantar da shi, sai ya zauna ko ya sunkuya gaba. Na toshewar jini kuwa, ko a tsaye mutum ya dakata, cikin minti 10 ya tafi. Wurin da zafin ke kamawa ma yana nuni: in sha-raɓa ce, toshewar na jijiyar cinya, in cinya ce da ɗuwawu, tana can sama wajen mara, kuma ga maza takan zo tare da raunin gaba.

Akwai waɗanda ba za su fara wannan atisaye ba sai likita ya gama da su. Mai jin zafin yatsu ko tafin ƙafa yana kwance da dare, har sai ya sauko da ƙafar daga gado ya ji sauƙi. Mai gyambon da ya ƙi warkewa fiye da mako 2, ko yatsan da ya fara baƙi. Waɗannan jininsu bai kai ko na zaman hutu ba, aikin buɗe jijiya suke buƙata. Haka mai ciwon ƙirji da ke zuwa ba zato, wanda bugun zuciya ya same shi kwanan nan, mai kumburin ƙafa da haki saboda gazawar zuciya, da wanda jininsa ya kai 180 bisa 110 yana zaune. Kitsen da ya toshe jijiyar ƙafa ba kasafai yake barin ta zuciya da ta wuya ba, don haka a duba zuciya tun farko.

Wanda ke kusa da babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya nemi a tura shi sashen fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki. Atisayen da likitan fisiyo ke tsaye a kai shi ne aka fi samun hujja a kansa. Wanda kuwa asibiti ya yi masa nisa, ya je ko da sau ɗaya a auna shi a tsara masa, ya dawo ya yi a gida.

Ma'aunin zafi da awon farko

Duk shirin a kan lambobi biyar yake tafiya, kuma dole mai ciwon ya haddace su. 0 babu zafi. 1 ya fara jin alamarsa. 2 zafin na nan amma hira za ta iya mantar da shi. 3 zafin ya cika, hankalinsa duk yana kan ƙafar, amma zai iya ƙara 'yan taku. 4 ba ya iya ɗaga ƙafa kuma.

Ranar farko awo ake yi. A samu fili mai laushin tafiya, ba tudu ba rami, a auna mita 30 da tef ɗin magina, a aje dutse ko kujera a kowane ƙarshe. Mutum ya yi ta kai da komo na minti 6 iya saurinsa, wani na riƙe da agogo yana ƙirga. In zafi ya tsayar da shi ya tsaya, amma agogo ba ya tsayawa. A rubuta abu biyu: mita nawa ya ci kafin zafi ya fara, da jimillar abin da ya ci cikin minti shidan. Wannan awon za a maimaita a mako na 6 da na 12, a wuri ɗaya, da takalmi ɗaya.

Yadda atisayen rana ɗaya yake

A fara da tafiyar sannu ta minti 5 don jiki ya ɗumama. Daga nan a ƙara sauri zuwa matakin da zai kawo zafin cikin minti 3 zuwa 5. Wannan shi ne wurin da ake yawan kuskure. In minti 10 ta wuce babu abin da aka ji, tafiyar ta yi sanyi. In kuwa cikin minti ɗaya ƙafa ta ɗaure, an yi gaggawa, a rage.

Da zafin ya fara, kada a tsaya. A ci gaba har ya kai 3. Nan ne ake dakatawa, a tsaye ko a zaune, har zafin ya koma 0, wanda yakan ɗauki minti 2 zuwa 5. Da ya tafi a tashi a sake, da saurin nan dai. Tafiya, zafi, hutu, tafiya, haka za a yi ta juyawa. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a ƙa'idarta ta 2012, ta ce a ƙarfafa wa mutum gwiwa ya kai ƙurewar zafi. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun ce daga matsakaici zuwa ƙurewa. Ga mai yi a gida, 3 ta wadatar. Wanda ke kai kansa 4 kullum yakan tsani atisayen kafin wata ya cika, ya watsar.

Minti na tafiya ake ƙirgawa, ban da na hutu. A makon farko a nemi jimillar minti 15 a kowane atisaye. Kowane mako a ƙara minti 5, har a kai minti 30 zuwa 45 na tafiya zalla, wanda in an haɗa da hutu zai ci kusan awa ɗaya. A rufe da tafiyar sannu ta minti 5, sannan a miƙar da sha-raɓa: a dafa bango da hannu biyu, ƙafa ɗaya a baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe, a karkata gaba na daƙiƙa 30, sau 2 ko 3 kowace ƙafa.

Aƙalla sau 3 a mako, aƙalla mako 12. Ƙasa da haka ba a cika ganin komai ba. A Amurka, tun 2017 inshorar gwamnati ta Medicare ke biyan kuɗin yin wannan atisaye ƙarƙashin kulawa sau 36 cikin mako 12, wato lissafin nan ke nan. Mai iko ya yi sau 5 a mako, amma a farkon farawa a bar kwana ɗaya tsakani.

Ranar da mutum ya ga yana yin minti 8 zuwa 10 bai kai 3 ba, lokacin ƙara nauyi ya yi. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko sauri ko hawa. Mai amfani da injin tafiya yakan fara da kilomita 3.2 a awa ba tare da hawa ba. In ya yi masa yawa a sauko zuwa 2.4 ko ƙasa. Ana ɗaga gaban injin da kashi 1 ko 2 cikin 100 duk lokacin ƙari, in an kai wajen kashi 10 sai a koma ƙara sauri da kilomita 0.2 ko 0.3 a awa. Kada a rataya jiki a kan mariƙin injin, domin hannu na ɗauke wa ƙafa aikinta, lambobin su yi kyau a banza. Mai tafiya a fili kuma ya ƙara yawan taku a minti, ko ya nemi hanya mai ɗan hawa. Filin ƙwallon makaranta ya dace ƙwarai: ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba mota ba babur, kuma akwai wurin zama kusa.

A aje littafi. Kwanan wata, mintin da zafi ya fara, mintin da aka tsaya, tsawon hutu, jimillar tafiya. Sauyin a hankali yake zuwa, sau da yawa sai bayan mako 4 zuwa 8, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe bambancin minti 3 da minti 4 da rabi. Littafin ne ke nuna shi.

Me ya sa sai an ji zafi

Tambayar da kowa ke yi ke nan, kuma an gwada ta. A 2021 mujallar JAMA ta buga wani bincike mai suna LITE, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mary McDermott ta Jami'ar Northwestern a Chicago. An raba mutum 305 gida uku na tsawon shekara guda: masu tafiya da saurin da ke kawo zafi, masu tafiyar jin daɗi ba zafi, da waɗanda ba a sa su atisaye ba. Masu shiga zafi sun ƙara kimanin mita 35 a awon minti 6. Masu tafiyar jin daɗi ba su fi waɗanda ba su yi atisayen ba. Don haka yawon shan iska bayan la'asar, duk da alherinsa ga zuciya, bai isa ya ƙara wa wannan ƙafar nisa ba.

Atisayen ba ya wanke kitsen da ya toshe jijiya, shi ya sa lambar ABI takan zauna inda take ko bayan wata uku, kuma wannan ba gazawa ba ce. Abin da ke canjawa yana cikin tsokar. Ƙarancin jinin da ake jawo mata na ɗan lokaci, ana maimaitawa, yana sa ta koyi zuƙe iskar oksijin da kyau daga ɗan jinin da ke iso ta. Ƙananan hanyoyin jini na cikinta suna ƙaruwa, bangon jijiyoyi yana ƙara iya buɗewa, salon takun mutum ma yana gyaruwa ya rage ɓarnar ƙarfi. Zafin da ke zuwa da tafiya ya tafi da hutu ba ya lalata tsoka.

An ma taɓa gwada shi da aikin asibiti. A binciken CLEVER na 2012, an ɗauki mutum 111 masu toshewa a manyan jijiyoyin mara. Bayan wata 6, waɗanda suka yi atisaye ƙarƙashin kulawa sun fi daɗewa a kan injin tafiya a kan waɗanda aka saka wa bututun buɗe jijiya, ko da yake masu bututun sun fi bayyana jin sauƙi a harkokinsu na yau da kullum.

Ƙafa, suga da rana

Ƙafar da jini bai wadace ta ba, ɗan ƙurji na iya zame mata gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Saboda haka takalmi ba abin wasa ba ne a nan. A sa kambas mai rufe yatsu, mai faɗin gaba, da tazarar kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin, tare da safar auduga marar matsewa. Silifa da takalmin roba ba su dace ba, tafiya ba takalmi kuwa haramiyar mai wannan ciwo ce, ko a tsakar gida. A zura hannu cikin takalmi kafin a sa, saboda tsakuwa ko ƙaya. Sabon takalmi a fara da minti 15 zuwa 20 a rana.

Kafin atisaye da bayansa a duba ƙafa duka: tafi, diddige, tsakanin yatsu. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya yi amfani da madubi ko ya sa wani a gida ya duba masa. In an ga bororo, ko ja da bai baje ba, ko tsagewa, a dakatar da tafiya a nuna wa likita. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Lokacin hunturu faso ke yawa, a shafa basilin a diddige da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsu. Kada a yanke kaushi da reza. Kada a kanga ƙafa a garwashi ko a tsoma ta a ruwan zafi don tana sanyi, domin mai suga da jijiyoyin jinsa suka mutu zai ƙone bai sani ba. Tsaga da ƙaho a irin wannan ƙafa haɗari ne babba, haka ɗaure ta tamau da bandeji ko safar matsi ba tare da an auna ABI ba.

Irin wannan mai sugan, da ƙafarsa ta yi dindiris, wataƙila ba zai ji zafin sosai ba. Shi sai ya lura da nauyin ƙafa, gajiyarta, ko jan ta da ya fara yi, ya ɗauki wannan a matsayin 3.

Mai allurar insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide da gliclazide ya auna suga kafin ya fita. In ƙasa da 5.6 ne a ma'aunin mmol/L, wato 100 a ma'aunin mg/dL, ya ci wani abu tukuna. In ya haura 14, wato 250, kuma ba ya jin daɗin jikinsa, ya fasa ranar. Ya riƙa tafiya da dabino 3 ko sukari cokalin shayi 3 a aljihu. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam da ruɗewa alamun faɗuwar suga ne: ya zauna, ya ci, ya jira minti 15.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, a yi tafiyar bayan asuba ko gab da magariba, da gorar ruwa a hannu. A watan azumi a mayar da ita bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu. Sa'o'in ƙarshe kafin shan ruwa su ne mafi haɗari ga mai suga.

Inda ake cewa tsaya

Nauyi ko matsewa a ƙirji, ciwon da ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, hakin da ya wuce kima, jiri, bugun zuciya ba tsari: a tsaya nan take, in bai lafa cikin 'yan mintuna ba a nufi asibiti. Karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar hannu ɗaya alamun shanyewar ɓarin jiki ne, ba a jira. Sai kuma ƙafar da ta kama ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi sanyi ƙarara, launinta ya koɗe, ta mutu ko ta ƙi motsi. Gudan jini ne ya rufe jijiyar ruf, kuma abin da ake da shi don ceto ƙafar bai wuce kamar awa 6 ba. Ba tausa, ba gashi, ba jiran gari ya waye.

Abin da ke ɓata shirin

Taba ce ta farko. Mai shan sigari ko shisha yana tsuke jijiyar da yake wahala a kanta, kuma shi ne ya fi kusa da yanke ƙafa. Ragewa ba ta wadatar, dainawa ake so. Na biyu, aje magani don an fara jin sauƙi. Maganin rage kitse irin atorvastatin, da mai hana jini daskarewa irin clopidogrel ko asfirin, da na hawan jini da na suga, aikinsu kare zuciya da ƙwaƙwalwa ne, kuma ta nan ne ciwon ya fi kisa. Akwai cilostazol da likita kan ƙara don tsawaita nisan tafiya, amma ba a ba mai gazawar zuciya shi, don haka ba abin saye a kemis da ka ba ne. Na uku, shan tramadol ko diclofenac kafin fita don kashe zafin. Na farkon yana ɓata ma'aunin da shirin ya dogara a kai, na biyun kuma in ya haɗu da asfirin yana jawo zubar jini a ciki, ya kuma taɓa ƙoda.

Akwai wanda ciwon gwiwa ko na ƙugu ke tsayar da shi kafin sha-raɓa ta ce komai. Wannan sai a sauya masa hanya. Keken motsa jiki na tsaye yana taimakawa. Keken da ake juyawa da hannu, abin mamaki, shi ma an tabbatar yana ƙara nisan tafiyar ƙafa, saboda yana ƙarfafa zuciya da jijiyoyin jiki baki ɗaya. A gida kuma akwai ɗage: a dafa bayan kujera, a tashi kan yatsu a sauko a hankali, sau 10 zuwa 15, zagaye 2 ko 3, da tashi daga kujera a zauna ba tare da dafa hannu ba, sau 2 a mako. Waɗannan ƙari ne a kan tafiya ga mai iya ta, madadi ne ga wanda ya kasa.

In mako 12 ya cika, a sake awon minti 6 a kwatanta da na ranar farko. In nisan ya ƙaru, a ci gaba da sau 3 a mako ba ranar dainawa, domin abin da tsoka ta samu yana zubewa cikin 'yan watanni in an zauna. Wanda rashin lafiya ko tafiya ta katse shi fiye da mako 2, ya koma baya da mataki ɗaya ko biyu ya sake hawa. In kuwa an yi wata 3 cur bisa ƙa'ida, an bar taba, ana shan magani, amma ƙafar na hana mutum sana'arsa ko zuwa masallaci, lokaci ya yi da za a ga likitan tiyatar jijiyoyin jini, a ɗauki hoton jijiyar, a duba ko za a buɗe ta da balan-balan, ko a saka bututu, ko a dasa wata ta kewaye wurin da ya toshe. Bayan aikin ma, da rauni ya warke likita ya ba da izini, ana komawa kan tsarin tafiyar nan daga minti 15.